Keken da Ya Ƙi Shiga Zaure

An kwana biyu da yin wannan abin, don ya kai shekara goma ko ma ya ɗara, amma har yau in na tuna shi sai in ji kunya da daɗi sun haɗe mini wuri ɗaya. Da yawa daga cikin masu bibiyata a nan sun san ni gurgu ne, shan inna ta kama ni tun ina yaye, kuma kalmar ba ta taɓa hana ni cin tuwo ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne na taɓa tafka wata katoɓara da ta kusa raba wata baiwar Allah da gidanta da 'ya'yanta, kuma da kyakkyawar niyya na tafka ta.

A lokacin muna da wata rumfa a Karaye wadda mu masu lalura muka haɗu muka kafa, guragu da makafi da kurame. Gajiya ce ta sa muka kafa ta. Mun gaji da jiran a kawo mana, mun gaji da kekunan da ake rabawa a wurin taro, waɗanda ko wata biyu ba sa yi a kan hanyoyinmu sai ka tarar an jingine su a bayan ɗaki kaji na kwana a kai. Sai muka ce mu yi wa kanmu. Mu ke ƙera keken guragu, mu ke gyara shi, in wani ya gamu da sabuwar lalura mu je har gida mu nuna masa yadda ake hawa da sauka da shiga banɗaki ba tare da an ɗauke shi ba. Doka ɗaya muka kafa, cewa mai cikakkiyar lafiya zai iya taimaka mana, amma ba shi zai riƙe ragama ba.

Abokina, wanda kurma ne, shi ne mai walda, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa a kan ƙarfe ba. Ni kuma awo ne aikina, ni ke faɗin tsawo da faɗi da inda kujera za ta zauna. Daga nan aka laƙaba mini Injiniya. Da wasa aka fara, amma ni na ɗauka da gaske, har ya kai in mutum ya kira ni bai haɗa da Injiniya ba sai in yi kamar ban ji ba.

Wata rana da hantsi wani mutum ya yi sallama a rumfar. Ya ce daga Ruwan Bago yake, ta ƙasar Rogo, kuma matar yayansa ce ta aiko shi. Yayan nasa ya rasu, tana cikin takaba, saura kwana ashirin ta fita. Ita ma gurguwa ce tun ƙuruciya, kuma duk zaman aurensu marigayin ne ƙafarta: shi ke kai niƙa, shi ke ɗebo ruwa, in asibiti ne ya ɗora ta a babur. To yanzu dangi sun zauna sun yanke cewa da ta fita takaba za ta koma gidan yayanta a Gwangwan, 'yan matanta biyu kuma shi baffansu zai riƙe su, gidan a rufe. Ita kuwa ta ce ba inda za ta je, in dai ta samu keke za ta riƙe gidanta da 'ya'yanta.

"Ni dai saƙo na kawo, Malam," in ji shi. "Gaskiya ban ga yadda za ta iya ba, amma ba na so a ce ta aike ni na ƙi."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya zo inda ya dace. Na ɗauko tef ɗin awona na tambaye shi yaya girmanta yake. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kusan kamar kai take." Shi ke nan awon da na yi. Na sa aka auna ni, na rubuta a takarda, na miƙa wa abokina.

Abokina ya dubi takardar, ya dube ni, ya nuna idonsa da yatsa sannan ya nuna hanyar Rogo, wato yana tambayata ko na gan ta. Na yi masa alama cewa tana takaba, kuma gidan ba a shiga. Akwai wata 'yar ƙungiyarmu, gurguwa ce, tela, da kekenta na ɗinki a gefen rumfar. Ta ji duk abin da ake yi, sai ta ce, "Injiniya, ni ai mace ce, bari in je in gan ta mana." Na ce mata hanyar ba ta da kyau, ta yi zamanta. A raina kuwa cewa nake yi, shekara talatin da ɗoriya ina jan gindi, wa zai koya mini abin da gurgu yake buƙata? Ko malamin unguwarmu ban tambaya ba, wanda daga baya ya ce mini babu laifin a yi magana da mai takaba in lalura ta kama.

Muka yi keke, kuma ba yabon kai ba, keke ya yi kyau. Na sa aka faɗaɗa tayoyin baya don kada ya kife, na ɗaga kujerar sama yadda nake son tawa, saboda ni ina son in zauna daidai da kafaɗar mutane. Aka shafa masa koren fenti, na sa aka rubuta "Aikin Hannunmu" a bayansa da farin fenti. Kwana biyu yana ajiye a gaban rumfa mutane na tsayawa kallo, ni kuma kaina na ƙara kumbura.

Ranar fitar takaba muka ɗora shi a mota ni da abokina muka nufi Ruwan Bago. Na zaɓi ranar ne da gangan, don na san dangi za su taru a yi addu'a da sadaka, ina so a yi abin a gaban kowa. Muka tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, aka gaisa, muka yi ta'aziyya, aka nuna mini yayanta, wani dattijo mai furfura a gemu, mai ƙarancin magana. Bayan an shafa fatiha na ce a shigar mata da kekenta.

Tayar gaba ta shiga ƙofar zaure, na baya suka ce ba su san zance ba. Aka ja baya aka sake gwadawa. Aka karkata shi gefe ɗaya, sai ƙarfen ya ɓantari bango, ƙasa ta zubo. Tun daga nan na sha jinin jikina. Abokina ya auna ƙofar da hannunsa, ya auna bayan keken, ya ɗago mini yatsu huɗu a gaban jama'a, wato da haka keken ya fi ƙofar faɗi, ya kuma ƙi sauke su da wuri.

Tunda keke ya ƙi zuwa wurinta, dole ita ta zo wurinsa. Ta fito da rarrafe, silifa a tafukan hannunta, ta ratsa zaure ta fito ƙofar gida a gaban mazan nan duka, matar da ta yi wata huɗu da kwana goma ba ta leƙo waje ba. Ta kama ƙarfen ta yunƙura za ta hau, kujera ta yi mata tsawo. Ta sake yunƙurawa, ta kasa. Sai da mata biyu suka fito suka ɗaga ta suka ɗora. Ta kama fedar hannu ta murza sau biyu, sarƙar da na bari a buɗe ta cafki bakin hijabinta ta naɗe. Ni namiji ne, da 'yar shara nake hawan keke, ko a mafarki ban taɓa tunanin hijabi ba.

Yayanta bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, kun gani dai. Keken ma sai an ɗora ta, kuma a waje zai kwana."

Ana ta ƙoƙarin zare hijabin, sai ta dubi inda muke ta ce, "Wane ne Injiniyan a cikinku?" Ban taɓa jin sunan ya yi mini nauyi irin na ranar ba. Na ce ni ne.

Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma wannan keken naka ne, ba nawa ba. Duk kwanakin nan ina zaune a ɗakina, babu wanda aka turo ya tambaye ni ko da faɗin ƙofata. Da mai ƙafa ne ya yi mini haka ba zan ji komai ba, na saba. Kai ne ban yi zato ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya wurin yayanta ta roƙe shi ya ƙara mata mako guda. Ya ce ya ba ta, amma ba don keke ba, don ta haɗa kayanta a tsanake, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai zo da mota. Muka sake ɗora koren kekenmu muka juyo Karaye. Abokina ya juya mini ƙeya yana kallon gonakin gyaɗa har muka iso.

Washegari da safe telar nan ta riga ni zuwa rumfa, kuma labari ya riga ni isa kunnenta. Ta ce, "Injiniya, an ce keke ya yi kyau." Na ce ta yi wa Allah ta bar ni da abin da ke damuna. Ta ce ba za ta bari ba, ta wanke ni tas, ta tuna mini cewa mata bakwai ne a ƙungiyar amma ba a taɓa aiken ko ɗaya gidan kowa ba, sai dai a ce su ɗinka rigar kujera. Ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na zauna a Karaye ina toshe yoyon ɗakin Ruwan Bago. Da ta gama, na ciro tef ɗin awon daga aljihuna na miƙa mata. Ta ce tana da nata, na ɗinki, kuma ya fi nawa gaskiya.

Ta je ta wuni a can, ta dawo da la'asar sakaliya da kara biyu a hannu da wata takarda cike da rubutu. Kara ɗaya an yanke shi daidai faɗin ƙofar zaure. Ɗayan kuma tsawon wurin juyawa ne, domin ƙofofin zauren biyu ba sa kallon juna, sai an karya kwana a ciki, ko da kekena ya shiga ta farko da a tsakiya zai maƙale. Takardar kuwa maganar matar ce da bakinta. Tana son kujera ƙasa-ƙasa yadda za ta hau daga tabarma. Hannunta na hagu ba shi da ƙarfi, don haka birki ya koma dama, ni kuwa a hagu na sa shi don a nan nawa yake. A rufe sarƙa. A yi mata wurin ajiye robar niƙa da jarka ɗaya a baya, domin ba yawon shan iska za ta je ba. Dokin ƙofa kuma kada a fasa shi, shi ke tare ruwan damina, ita da maƙwabtanta za su zuba jar ƙasa gaba da baya su daɓe.

Abokina ya karanta takardar sau biyu, ya jinjina wa telar da babban yatsa, ya ɗauko zarto. Da idona na ga an yanka "Aikin Hannunmu" gida biyu, kuma ina kyautata zaton da gangan ya fara ta nan. Kwana uku muna kai. Aka tsuke bayan, aka rage tsawo, aka sauke kujera, sai ga shi saukewar ma ta sa keken ya fi zama daram duk da an tsuke shi. Murfin sarƙa da guntun kwanon rufi muka yi shi. Duk abin da aka haɗa sai an kara masa karan nan biyu kafin a ƙone shi da walda. Ba mu samu lokacin fenti ba, keken ya fito baƙi-baƙi da tabon wuta ko'ina, muni kam ya yi muni.

Ranar Laraba muka kai shi mu uku. Ya shige ƙofar zaure, ya karya kwana, ya ɓace cikin gida tare da telar. Ni da abokina muka zauna a zaure kamar masu jiran sakamakon asibiti. Can sai matar ta fito a kansa har bakin ƙofar ciki, muka gaisa. Wannan karon na tambaye ta da bakina, na ce, "Malama, me kuma ya rage?" Ta ce fedar ta yi mata nisa da kamar yatsa biyu, kafaɗarta na ja. Abokina ya kwance ya matso da ita nan take. Telar ta ce mu tafi, ita za ta zauna kwana biyu ta koya mata juyi da birki a tsakar gida.

Ranar Juma'a muka biyo wata motar kasuwa ta sauke mu ta wuce. Ba mu daɗe da zama ba sai ga yayanta da a-kori-kura, har da igiyoyin ɗaure kaya, baffan yaran na biye da shi a babur. Maƙwabta suka fara taruwa. Aka gaisa sama-sama, yayan ya dubi gangaren jar ƙasar da aka daɓe a bakin ƙofa, ya ce a yi masa sallama da ita.

Sai ga tayar gaba ta leƙo. Ta fito ita kaɗai, hijabinta har ƙasa, robar masara a bayanta da jarka a gefe. Ta ja birki a gaban yayanta ta ce, "Yaya, sannu da zuwa, ya hanya? Ka yi haƙuri in kai niƙa in dawo kafin layi ya yi tsawo." Ba ta jira amsa ba ta murza ta kama hanya.

A ƙarshen lungun akwai wani wuri da ruwa ya tara yashi. Ni na gan shi tun ranar Laraba, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Tana isa tayar gaba ta nutse. Ta murza, taya ta juya a wuri ɗaya. Ta sake murzawa, yashi ya tashi, keke bai motsa ba. Na san in aka tura ta ko da taku ɗaya ne magana ta ƙare, za a fara fito da kaya. Yayanta ya miƙe ya tattare babbar rigarsa ya nufe ta.

Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Yaya, don Allah ka zauna."

Ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta kama tayoyin baya da hannuwanta ta ja keken baya kaɗan-kaɗan har ya fita daga ramin, ta dubi ƙasa dama da hagu, ta karkata ta bi ta gindin wata danga inda ƙasar ke da tauri. Ta wuce, ta sha kwana, muka daina ganinta. Telar, wadda ke zaune a bakin zaure, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce alhamdu lillahi.

Yayan ya dawo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Malam, ni na goya yarinyar nan. A bayana ta yi makarantar allo har ta sauke. Da mahaifinmu zai rasu hannuna ya kama a kanta. Kada ka ɗauka ƙin ta nake yi." Na ce masa ko kusa ban ɗauka ba, ni ma da son ta na yi mata keken da ya ƙi shiga zaure. Ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa.

Kamar rabin sa'a sai ga ta ta dawo, gari ya yi wa hijabin fari-fari, jarka cike da ruwan tuƙa-tuƙa yana tsiyaya a hanya. Ta bi ta gindin dangar nan, ta hau gangaren ƙofa, ta shige gidanta ba tare da ta goge bango ba. Matan da ke leƙe ta kan katanga suka rangaɗa guɗa. Abokina bai ji guɗar ba, amma ya ga bakunansu, ya kama kafaɗata ya dinga girgiza ni har hulata ta faɗi.

Yayan ya shiga ciki, ya ɗan jima, ya fito idonsa ja. Ya dubi baffan yaran. Baffan ya ce, "In dai uwarsu na nan, ni ina zan kai su?" Yayan ya kira direba ya ce ya naɗe igiyoyinsa, sannan ya juyo ya tambaye mu da me za mu koma. Muka ce Allah dai zai kawo mota. Ya ce ai ga mota nan ta rasa kaya. Haka a-kori-kurar da aka ɗauko don kwashe gadonta da tukwanenta ta kwaso mu uku har ƙofar rumfarmu a Karaye, muna baya iska na kaɗa mu, telar na ta tsokanata wai yanzu wane ne Injiniyan.

Tun daga wannan makon muka ƙara doka ta biyu: ba a yanka ƙarfe sai an zauna da mai keken an ji daga bakinsa, in mace ce mace ta shiga har ɗakinta. Ni kuma na koyi abin da na ɗauka na fi kowa sani. Zamana gurgu ƙafata kaɗai ya sanar da ni, bai sanar da ni ta wani ba. Girman kan da nake zargin masu ƙafa da shi, ashe ina ɗauke da nawa a kan keke. Har yau in aka ce Injiniya ina amsawa, amma a hankali.

Matar kuwa shekara ba ta zagayo ba ta shiga ƙungiyar, kuma ita ce yanzu take shiga gidajen ɓangaren Rogo tana awon mata, daga Jajaye har Gwangwan. Bara ta aiko mana da goron gayyata, babbar 'yarta ce za ta yi aure bayan ta gama karatunta. Muka je mu uku. Na zauna a wannan zauren ina jiyo muryarta daga ciki tana yi wa 'yar nasiha, 'yar na kuka. Na kasa riƙe hawayena, kuma ban ɓoye ba. Daga ɗakin uwarta aka fito da amarya.